Ranar da Na Rufe wa 'Yata Get

Shekarun baya na rufe wa 'yata get ɗin makaranta ina kallonta tana gudu. Taku ashirin ya rage mata, ko ma bai kai ba. Na rufe, na sa kwaɗo.

Lokacin ni maigadi ne a wata sakandare ta kuɗi a Sabon Gari. Ban yi boko ba. Kafin gadi na yi dako a tasha, na yi yaron mota, na yi acaɓa har wata babbar mota ta karya min ƙafa a Kwangila. Da ƙafar ta warke a karkace, sai gadi ya rage min. Matata ta rasu yarinyar tana da shekara tara. Daga ni sai ita a ɗaki ɗaya, cikin wani gidan haya a Samaru.

Mai makarantar wata mata ce 'yar kudu. Tana ba kowane ma'aikaci gurbin ɗa guda kyauta. Don wannan gurbin na karɓi aikin, ba don ina son tsayuwa a rana ba. Ranar da na kai yarinyar, malamin horo ya ja ni gefe. Dogo ne, bulala ba ta barin hammatarsa, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita.

Ya ce, "Maigadi, ka ji ni da kyau. A nan ba 'yarka ba ce, ɗaliba ce. Ranar da na ga ka ɗaga mata ƙafa, da kai da ita duk waje."

Na ce, "Na ji, Malam."

Ita ma ba ta daɗe ba ta kafa min nata sharaɗin. Sati biyu da fara zuwanta, muna cin tuwo, ta ce, "Baba, a makaranta kada ka riƙa kiran sunana." Ban tambaye ta dalili ba. Na san dalilin. 'Yan ajinta 'ya'yan masu manyan shaguna ne da malaman jami'a, a mota ake sauke su, ni ke buɗe wa motocin. Na ce, "To." Shekara biyar ban kira ba. Ni na fita da sassafe a keke, ita ta biyo bas daga baya. In ta zo wucewa ta gabana sai na kalli titi.

Ga yadda aikin safiya yake. Akwai wani tsohon wilin mota rataye a jikin bishiya kusa da get, shi ne ƙararrawar makarantar. Bakwai da rabi zan ɗauki guntun rodi in buga shi sau goma sha biyu. A bugu na ƙarshe get ya rufe. Duk wanda ya rage a waje zai durƙusa a kan tsakuwa har a gama taron safe, malamin horo ya rubuta sunansa a littafi, sannan a ba shi langalanga ya sare ciyawa. Wanda sunansa ya shiga littafin sau uku a zango ɗaya, an cire shi daga komai, ko ƙwallo, ko maci, ko muhawara, ko wata tafiya da sunan makaranta.

Amma ba wanda ya taɓa faɗa min saurin da zan yi bugun. Nan na sami 'yar kafa. In na hango yaro ya taho a guje, jaka tana dukan bayansa, sai na ja. Na buga na takwas, na yi tari. Na buga na tara, na sauya hannu. Na duba rodin kamar ya lanƙwashe. Kafin na kai goma sha biyu yaron ya faɗo ciki yana haki. Yaran sun gane. In sun wuce sai ka ji suna raɗa, "Yau ma Maigadi ya ja mana." Ni ko na haɗe fuska kamar ban ji ba. Ban taɓa yin dariya a bakin get ɗin nan ba, amma na ceci gwiwoyi da yawa.

A aji biyar aka saka 'yata a ƙungiyar muhawara. Bakinta na uwarta ne, ba nawa ba. Kullum da yamma in mun dawo sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta riƙe cokali a gaban baki, ta fara zuba Turanci. Ni ne alƙali. Ban san abin da take faɗa ba, ko zagina take yi ban sani ba. Aikina shi ne riƙe agogo, in minti biyar ya cika na buga murfin tukunya.

"Baba, ka yi saurin bugawa! Ban gama ba."

"Agogo ne ya gama, ba ni ba."

"To yaya ka ji?"

"Na ji kin yi faɗa sosai. Wa kika kayar?"

Sai ta yi dariya har ta zauna a bakin gado. Ban taɓa samun watanni masu daɗi irin waɗannan ba, kafin su ko bayansu. Ɗakin yana da murya.

Suka ci makarantun Zariya ɗaya bayan ɗaya, har aka ce za su Kaduna zagayen ƙarshe. Mutum uku ke magana, ita ce ta farko, sai wata yarinya da aka ajiye ko da wani zai kasa. Amma sunan 'yata ya riga ya shiga littafi sau biyu a zangon. Na farko layin famfo ne ya riƙe ta. Na biyu ruwan sama. Duka biyun ban hango ta ba ma sai bayan na rufe. Saura ɗaya.

Ranar tafiyar, na bar ta tana goge kayan makaranta da dutsen guga na gawayi. Tun daren jiya ta wanke farar safa da takalmi. Na hau keke. Da na fito babban titi sai na ga bakin hanya cike da ɗaliban jami'a da akwatuna, ashe ranar suka sami hutu. Duk bas ɗin da ta tsaya, kafin ka ƙifta ido ta cika. Na taka birki. Na ce a raina, koma ka ɗauko yarinyar nan a bayan keke. Sai na tuna za a ga ta sauka daga keken maigadi a gaban 'yan ajinta, ranar da ta fi kowace rana. Na ci gaba da tafiya. Wannan ne kuskurena na farko, kuma ba shi ne babba ba.

Bakwai da kwata ba ta zo ba. Bakwai da ashirin da biyar ba ta zo ba. Motar makaranta tana tsaye a fili, direba yana goge gilashi. Malamin muhawara ya zo bakin get sau uku yana leƙa titi. Malamin horo yana tsaye a bayana da littafinsa, kamar kullum.

Bakwai da rabi na ɗauki rodi. Na buga ɗaya, biyu, uku. A na biyar na hango ta. Ta sauka daga napep a can mahaɗar hanya, ta riƙe takardunta a ƙirji, tana gudu. Tana kallona. Shekara biyar ba ta taɓa kallon idona a wurin nan ba sai ranar.

Na san abin da hannuna ya saba yi. Tari ɗaya, sauya hannu ɗaya, ta shigo. Amma maganar nan ta faɗo min, da kai da ita duk waje. Na ji kamar idon mutumin yana huda min ƙeya. Na ce in na ja yau, zai ce don tawa ce. Sai na buga daidai, ba sauri ba jinkiri, yadda ban taɓa yi wa ɗan kowa ba. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Na tura get.

Ta iso ta dafa ƙarfen da hannu biyu. Ta juya ta durƙusa a kan tsakuwa cikin kayan da ta goge.

Malamin muhawara ya roƙa har muryarsa ta dishe. Malamin horo ya ce doka ba ta san mai baki ba, suna ya shiga sau uku. Aka kira yarinyar da aka ajiye, ta hau mota. Ni na buɗe get duka biyu motar ta fita, ta wuce ta gefen 'yata tana durƙushe. Yaran da ke ciki suka leƙo ta taga. Ba ta ɗaga kai ba.

Langalangar a ɗakin gadi ake ajiyewa, ni ke rabawa. Da layi ya zo kanta na miƙa mata. Ta karɓa ta ce, "Na gode, Maigadi." Ita ce magana ta farko da ta taɓa yi min a makarantar.

Akwai wata mai awara a bakin get, 'yar unguwarmu ce, ta san komai. Da wurin ya watse ta kira ni.

"Kai, zo nan. Kai wane irin uba ne?"

Na ce, "Aiki nake yi."

"Aikin banza! Jiya-jiya ka tsaya kana tari kamar mai tarin fuka saboda ɗan mai shagon taya. Yau da taka ta zo maƙogwaron ya warke?"

Na koma na zauna a benci. Daga nan ina jin sarar ciyawa a bayan azuzuwa, ina iya gane nata hannun.

Da yamma na tarar ta yi tuwo. Ta zuba min, ta zuba wa kanta. Tafin hannunta duk ya yi bororo. Muka ci. Sai da ta kwashe kwanuka ta ce, "Baba, na sha ganin kana ja wa 'ya'yan mutane."

Na ce, "Malamin yana tsaye."

Ta ce, "Kullum yana tsaye, Baba."

Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Sati na zagayowa ta fita daga ƙungiyar da kanta, ko da zango ya sake ba ta koma ba. Ba ta ƙara makara ba ko sau ɗaya, tana riga kowa zuwa. Da yamma ta yi girki, ta yi karatu a shiru, fuska a bango. Ni na zauna a ƙofar ɗaki da rediyo. Shekara guda da rabi muka yi haka, mutum biyu a ɗaki ɗaya kamar baƙi a tasha. Wata rana na ɗauki murfin tukunya na ɗan buga da cokali, ko za ta yi dariya. Ta ce, "Baba, ina karatu." Na ajiye.

A taron ma'aikata mai makarantar ta sa aka tafa min. Ta ce ga mutumin da ko 'yarsa bai ɗaga wa ƙafa ba, kowa ya yi koyi da shi. A nan duk malamai suka san tawa ce, daga nan yara suka ji. Abin da muka ɓoye shekara biyar ya fito, kuma ta wannan hanyar ya fito. Na tsaya suna tafi, hulata a hannu.

Da ta gama sakandare ta tafi Kaduna wurin ƙanwar uwarta, ta yi karatun jinya. Ban hana ta ba. Ni na kai ta tasha, na ɗora mata akwati.

Na ƙara shekara shida a get ɗin. Ranar da malamin horo zai bar aiki ya zo ya zauna a bencina, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsufa, bulalar ma ya daina ɗauka. Can ya ce, "Maigadi, kana tsammani ban san tarin nan naka ba? Tun shekarar farko na sani."

Na dube shi.

Ya ce, "Ranar yarinyarka ma na hango ta kafin kai. Na juya baya ina buɗe littafi, ina jira ka yi tarinka. Sai na ji sha biyu."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa min?"

Ya ce, "Ni malamin horo ne. Ba zan ce ka ja ba. Juya baya kawai zan iya."

Ashe ba wanda yake kallona. Da na waiwaya sau ɗaya, da na gani. Tsoro ne ya hana ni waiwaya, ni kuma na sa masa suna gaskiya. Na yi dako, na kwana a ƙarƙashin mota, na ga ƙashin ƙafata a waje ban yi ihu ba. Amma na ji tsoron mutumin da ya ba ni baya.

Na taɓa gwada faɗa mata abin da malamin ya ce. Na fara, ta tare ni. "Baba, ya wuce. Ka sha maganinka?" Na ce na sha. Ban sani ba ko ya wuce ɗin ne, ko ba ta son a buɗe. Ban sake tayarwa ba.

Tana da aure yanzu, da yara biyu. Duk Lahadi bayan an tashi daga sujada a coci tana kirana. Ta tambayi ƙafa, ta tambayi abinci, ta ba yaran su gaishe ni. Da agogo a hannuna har yau, ban iya daina dubawa ba. Kiran ba ya kai minti biyar.

Ina nan Samaru, a ɗakin nan dai. Ina gadin wani gidan ɗalibai a hanyar Bomo. Ba ƙarfen bugawa, ba littafi. In na hango mutum ya taho, riƙe masa ƙofa nake yi har ya iso, ko da tafiyar hawainiya yake yi.