Tsohon Layina a Hannun Mai Albasa

Assalamu alaikum, ma'abota wannan fili. Ni mahauci ne ɗan mahauci, haifaffen Rumde Ajiya a Garwa. Lokacin da abin nan ya same ni ina Libreville ta ƙasar Gabon, ina gasa nama a bakin titi, kuma in faɗi gaskiya kaina ya ɗan kumbura. Ciniki yana tafiya, na ɗinka manyan riguna, ina ganin a duk zuriyarmu babu mai wayona. Kafin in bar gida na buɗe asusu a wani banki a Garwa, na haɗa shi da layin wayata na Kamaru, wanda mu can muke kira pus. Duk abin da na samu sai in tura can, burina in gina wa Innarmu ɗaki mai siminti, ta huta da yoyon damina. Ban gaya wa kowa da asusun ba, har Adda, yayata wadda take zaune da Inna tun rasuwar mijinta. Ba wai Adda tana da dogon hannu ba, wallahi ko allura ba za ta ɗauka ba. Matsalarta ɗaya, ba ta iya cewa a'a. Da ta sani, da dangi sun sani, kuma kowa zai taso da bikinsa da sunansa. Ma'aikacin bankin ma ya ba ni shawarar in sa hannu a takardar wakilci, don wani na gida ya iya taɓa asusun idan ba na nan. Na yi masa dariya na ce ni kaɗai na isa.

Da na isa Gabon na sayi layin can. Na cire na gida na naɗe shi a takarda, na cusa a jakar fasfo, ina ganin na adana shi ke nan. Manhajar bankin tana cikin wayata, ina buɗewa in ga kuɗina yana ƙaruwa, in kwanta da murmushi. Ban taɓa sanin cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana kashe shi ya sayar wa wani da lambar ba. Haka shekaru suka tafi. Wata rana wayata ta suɓuce ta faɗa cikin kaskon mai, ta mutu murus. Na sayi sabuwa, na ce zan sake saka manhajar in na samu sukuni, sai na yi ta ɗagawa.

Ana cikin damina Adda ta kira ni tana kuka. Inna ta zame a tsakar gida tana ɗauke da buta, ƙashin ƙugunta ya karye. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ba a jinkiri da irin wannan ga tsohuwa, in aka bari zai yi wuya ta sake takawa. Asibitin kuma ba sa shiga ɗakin aiki sai an ajiye kuɗi. Na ce wa Adda ta share hawayenta, kafin la'asar za ta ga saƙo. Har da ƙarin cewa ai ba a banza nake shan hayaƙi a ƙasar mutane ba. Na saka manhajar bankin, sai ta nuna mini cewa ta tura lambobin sirri zuwa layina na gida. Na zaro layin daga jakar fasfo na saka, shiru. Na goge shi da riga, na hura masa iska, na sake sakawa, ko alamar sabis babu.

Na kira bankin. Wata mata ta yi mini bayani da Faransanci mai sanyi, cewa ba a canza lamba ta waya, sai na zo da kaina da katin shaida, ko kuma wanda na ba wakilci ya zo. Ta tambaye ni ko akwai shi. Don kunya na kashe wayar. Tafiya gida kuwa ba ta yiwuwa, don takardar zamana tana ofis ana sabunta ta, in na fita ba lalle in iya dawowa ba, ga hanyar da nisa. 'Yan uwana mahauta sun yi karo-karo, Allah ya saka musu, amma abin da aka haɗa ko rabi bai kai ba. Ina ji ina gani, kuɗina yana kwance a cikin garin da uwata take kwance, na kasa haɗa su.

Cikin ruɗewa na buga tsohuwar lambata, ban ma san abin da nake nema ba. Sai na ji tana shiga. Wata mata ta ɗauka da Fulatanci, ga hayaniyar kasuwa a bayanta. Ashe wata baiwar Allah ce a garin Bibemi, can gabas da Garwa, mai sayar da albasa, ita aka sayar wa lambar. Na gaishe ta da Fulatancina na mahauta, na zayyana mata komai, na roƙe ta in saƙo ya shigo ta karanta mini lambobin. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ba za ta karanta ba. Ta ce bara ma haka wani ya kira ta da murya mai ban tausayi, ta karanta masa lambobi, ya kwashe mata kuɗin adashinta kaf, shi ya sa ma ta canza layi. Ta ce shi ma wancan uwarsa ce ba lafiya. Kai, raina ya ɓaci! Na ɗaga mata murya, na ce layina ne, na riga ta mallakarsa, ba ta da tausayi. Ta ce in ci gaba da ihu, ɓarawon bara ma ya yi, ta katse. Na zauna a kan benci ina huci, alhali a zuciyata na san matar nan ta fi ni gaskiya.

Washegari da safe na sake kira, wannan karon da ladabi, na ba ta haƙuri. Sai ta tambaye ni sunan asibitin da ɗakin da aka kwantar da Inna. Ta ce ita ba ta yarda da murya, amma tana yarda da idonta. Dama tana da buhunan albasa da za ta kai Garwa a mako mai zuwa, to za ta matso da tafiyar, ta je ta gani. In ta tarar da tsohuwa da karyayyen ƙugu, shi ke nan. In ba ta tarar ba, in kuka da kaina, don wajen jami'an tsaro na jandarma za ta kai lambata. Duk wanda ya san hanyar Bibemi da damina ya san abin da matar nan ta ɗauko wa kanta. Motarsu ta kafe a laka, sai da fasinjoji suka sauka suka tura, albasarta ta jiƙe. Haka ta shiga asibitin da laka har gwiwa tana tambayar ɗakin wata tsohuwa 'yar Rumde Ajiya.

Kafin ta iso dole na kira Adda na kwance mata abin da na ɓoye shekara da shekaru. Na zaci za ta zage ni, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, ashe duk lokacin da take cin bashin magani a kemis akwai abin da na ajiye a bankin da ke bayan kasuwa, inda ko acaba ba sai ta hau ba. Ta ce ba komai, Allah ya ba Inna lafiya. Wannan ba komai ɗin har yau yana yi mini ciwo.

Mai albasa ta zauna a bakin gadon Inna, ta tambaye ta sunan ɗanta da sana'arsa da ƙasar da yake, duk don ta gwada ni. Inna ta amsa, har ta ƙara mata da cewa tun ina yaro haka nake da taurin kai. Sai matar ta miƙa wa Adda wayar, ta ce ita bakinta ba zai sake karanta wa kowa lambobi ba, amma 'yar gida ta karanta wa ƙaninta. Na danna, saƙo ya shiga, Adda ta karanto mini, asusun ya buɗe. Na tura kuɗin wayar Adda, aka biya, aka shiga da Inna aiki. Na yi kuka a gaban tukubata, masu sayen nama suna kallona, ban damu ba. Na nemi in tura wa matar wani abu, ko don albasarta da ta lalace, ta ƙi. Ta ce in dai ina son yi mata alheri in raba bankina da layinta, don saƙonnin Faransancin nan da suke shigo mata sun daɗe suna tayar mata da hankali.

Da takardata ta fito na je gida. Abu na farko da na yi, na kama hanya ni da Adda muka je banki, na canza lambar, na sa hannu a takardar wakilci da sunanta. Ko shayi bai gama hucewa ba aka gama, abin da na ƙi yi tun farko saboda wayon banza. Dangi sun ji labari kam, sun kuma zo, sai ga Adda ta iya cewa a'a fiye da ni.

'Yan uwana da ke ci-rani, don Allah ku duba layin da asusunku yake kai, ku riƙa raya shi, ko ku canza lamba tun kuna da lafiya da sukuni. Ku samu mutum ɗaya a gida da kuka yarda da shi, ku ba shi wakilci a rubuce. Kuma kada ku karanta wa kowa lambobin sirri a waya, ko da yana kuka, don mai albasa daidai ta yi da ta ƙi ni. Ni na dace ne kawai, lambata ta faɗa hannun mai tsoron Allah, kuma ba kowa zai dace haka ba.

Yanzu duk lokacin da ta kawo kaya Garwa a gidanmu take sauka. Ranar da na fara ganinta ido da ido, wata 'yar siririyar mata ce mai tsagen Fulani, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe ni ne mai ihun. A daidai lokacin ne na hango Inna ta taso daga ɗaki da sandarta, tana takawa a hankali da ƙafafunta, ta zo har zaure tarbar baƙuwarta.