Mai rakiya ya fita

Ina tsaye a ɗakin hoton ƙirji a wani asibiti a unguwar Agoè, ma'aikaciyar ɗakin, kanta a sunkuye, ta ce, "Hajiya, mai rakiyarki ya fita, hasken yana da illa."

Ta ɗago kai, ta ga ni kaɗai ce.

Don in rufe kunya na ce, "Ɗana yana Faransa, fanninsa ke nan. Da wani dutse kamar lu'ulu'u suke tattara hasken nan, har a gano ƙaramar cuta tun da wuri."

Ta ce, "To, ya san kin zo?"

Bai sani ba. Jiya da ya kira, lafiya lau na ce masa.

Ku da kuka bar iyaye a Zongo, in sun ce lafiya lau, kuna sake tambaya kuwa?