Ruwa Mai Zaƙi

Shekarun baya, ina sabon zuwa Jidda, na samu aikin wanke wani jirgin ruwa na shaƙatawa a Abhur. Na kafilina ne, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, yakan fita da iyalinsa cikin teku duk Juma'a. Tun ranar farko ya faɗa mini cewa mutum biyu ya sallama kafin ni, kuma in jirgin ya lalace a hannuna ba zai sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, ba. Ni kuwa da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba, na buga ƙirji na ce na iya.

Aikin ba wuya a ido. In goge fararen kujerun fata, in wanke ƙarafunan riƙewa, in share ɗan ɗakin da ke ƙasa da banɗakinsa, in buɗe akwatuna su sha iska. Direban jirgin haifaffen Jidda ne, ya girme ni, kakanninsa Hausawa ne, aikin Hajji ya kawo su. Yana jin Hausa tsaf, amma in zai yi ta sai ya yi ta laluben kalma. Da ya ji daga inda na fito, murna kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Har gida a unguwar Waziriyya yake rage mini hanya.

Ni dai kirkin ya yi mini yawa. An riga an cika mini kunne a unguwa cewa kowa a nan ƙafar wani yake jira ta goce. Sai kuma na ji yana da ƙane da ke zaman kashe wando. Na ce a raina, ashe biri ya yi kama da mutum.

Wata rana ya tarar ina jan ruwan teku da bokiti. Ya ce, "La, ya akhuya! Bayan sabulu lazim ka sa ruwa mai zaƙi. Kujera, ƙarfe, duka."

Ruwa mai zaƙi? Wato in jiƙa sukari in shafe jirgin mutane, tururuwa da ƙuda su yi biki, a kore ni ƙanensa ya shigo. Na ce masa to, na ci gaba da abina. Famfo yana can nesa a kan gadar da ake ɗaure jirage, ga ruwa a gabana iya ganinka. Kuma mahaifiyata da gishiri da toka take goge tukwane har su yi ƙyalli. Da ya jawo mini tiyo daga famfon, na ce ya bar shi kawai, na san aikina.

Ba a yi wata ba ƙarafuna suka fara ɗigo-ɗigon tsatsa. Kujeru suka yi fari-fari suna kama hannu, ɗakin ƙasa ya ɗau warin danshi. Sai mai gadi ya ce mini yana ganin direba yana shiga jirgin bayan na tafi sallar Azahar. Shi ke nan, na kama ɓarawona. Ban tambayi direban komai ba. Na je wajen kafili da guntun Larabcina na ce direba ne ke zuba wani abu a jirgin don ya ɓata mini aiki. Ya ce zai zo da la'asar.

Don in samu shaida, na dawo daga salla da wuri na laɓe a ɗakin ƙasa. Sai ga shi da tiyo da busasshen tsumma. Ya bi ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗauraya yana tsanewa, har maƙalen ƙofa bai bari ba. Na fito na ce, "Yaya, me kake zubawa?"

Ya ce, "Moya hilwa. Ruwa mai zaƙi." Ya tara hannu ya sha, ya miƙo mini tiyon.

Na kurɓa. Ruwan famfo ne. Abin da muke cewa ruwan daɗi, shi Larabawa ke kira ruwa mai zaƙi, bawan Allah ya juya mini shi Hausa yadda ya iya. Gishirina ne ke cin jirgin, shi kuma yana bin bayana yana rage ɓarnar don kada a kore ni.

Kafili ya iso da faɗansa, ya maimaita ƙarar da na kai a gaban direban. Na faɗi gaskiya ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Direban ne ma ya roƙar mini, ya ce sabo ne, zai koya. Muka kwashe kwana uku muna goge tsatsa da shanya kujeru, aka bar ni a aikina.

Na ba shi haƙuri, ya ce, "Halas, ya wuce." Kuma ya wuce ɗin, don bai fasa rage mini hanya ba, har yau muna gaisawa. Amma daga ranar bai sake yi mini Hausa ba. In na yi masa, sai ya amsa da Larabci. Da na matsa, ya ce, "Hausana ba kyau. Tana kawo mushkila."

Daga baya na ji cewa tun rasuwar mahaifiyarsa ba ya da wanda yake yin Hausa da shi sai ni. Tambaya ɗaya ce ta gagare ni, in ce me kake nufi. Wannan abu har yanzu yana cin raina. Tsatsar jirgi kwana uku ta ɗauke mu, amma na yi shekara shida ina zama kusa da mutumin nan a mota, ina jira ko zai manta ya ce mini sannu.