Motar da Ta Zaɓe Ni

Jama'a, yau mota ta kulle ni da raina a Rikoto!

Kun san yau muka gama bitar sababbin direbobi a garejin Oga Emeka, mai ba da hayar manyan motoci. Mu uku ne, tsofaffin motocin ma uku. Baba Danladi, tsohon sojan da ke koya mana, ya ce kowa ya duba ya zaɓi tasa.

Ni da zumuɗi na haye wata shuɗiya can ƙarshen gareji, wai in gwada kujera. Na ja ƙofa, garam. Na juya zan fita, babu hannun buɗewa. Ɗaya ƙofar an liƙe ta da walda. Gilashi ya ƙi sauka. Na danna oda, babu batir. Rana ta take, gumi har cikin ido. Na buga, na yi ihu, ƙarar janareta ta cinye muryata. Ina kallo ta gilashi abokaina suka karɓi makullan masu lafiyar.

Sai da suka gama Baba Danladi ya buɗe ni daga waje.

"Yaro, mi kake yi a nan? Ai tsohon direbanta ta taga yake fita."

Na ce, "Oga, wannan kam ba na so."

Oga Emeka ya ce, "Ita kaɗai ta rage. Ko ka jira baɗi."

Na tuna iyali a gida, na miƙa hannu. Ya ba ni makulli, ya ɗora mini filayar sauke gilashi a kai.