Ranar da Abdou Ya Fara Gadi

A shagon buga takardu na bakin titin jirgin ƙasa a Agege, Kachollom mai kwamfuta tana kallon mutumin da ya ƙi zama. Dogo ne siriri, rawani ya rufe masa haɓa, takalminsa ya sha ɗinki. Ya ce sunansa Abdou, gadi yake yi a wani sito a Ilupeju. Hausarsa ta Nijar ce, Legas ba ta taɓa ta ba.

Ruwan sama ya lalata takardar ɗaukarsa aiki, wadda aka buga a shagon nan shekara tara da suka wuce, sabon manaja kuma ya ce ya kawo wata a sa hannu. Kachollom ta lalubo tsohon fayil, ta buga, ta miƙa masa.

Ba ya karanta Turanci, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya ɗora yatsa a saman takardar.

"Madam, wannan ai yau ce."

Ta duba. Ashe samfurin wasiƙar da kansa yake sabunta kwanan wata duk sa'ad da aka buɗe shi. Ta yi masa bayani, ta goge, ta tambaye shi ainihin ranar da ya fara aiki.

"Uku ga watan uku, ranar Alhamis."

Ko tunani bai yi ba. Wataƙila akwai 'ya can gida da aka haifa a watan, da ita yake ƙirga.

Ta buga ranar da hannu. Ya ninke takardar, ya sa a leda biyu. A bakin ƙofa ya juyo.

"In an buɗe kwamfutar gobe, ba za ta sake mai da ni sabon zuwa ba?"