Jinyar Gemu, kadangaren 'yata

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ta saƙo, ku yi haƙuri, jinya muke yi. Jinyar kadangare. Wanda zai yi dariya ya yi, dangina ma sun yi.

'Yata Nabila tana da lalurar da ke hana yaro magana da shiga mutane. Shekararta tara, ba ta taɓa kirana Mama ba. Babanta ne ya sayo mata irin kadangaren nan na waje mai gemu, muka sa masa suna Gemu. Shi kaɗai take yarda ta zauna kusa da shi. Idan ya ci, ta ci.

Mai sayarwar ya ce latas da tsutsa sun ishe shi. Haka muka yi ta ba shi.

Da farko ƙafarsa ce ta fara rawa. Sai muƙamuƙinsa ya yi laushi, abinci yana faɗowa daga bakinsa. Ranar da ya daina ci, Nabila ta ture kwanonta.

Daga Kubwa muka yi ta yawo cikin gari neman likitan dabbobi. Wani ya leƙa kwalin ya ce, “Madam, mu karnuka muke gani.”

Likitar da ta karɓe mu a ƙarshe ta yi masa hoton ƙashi, ta ɗaga ta nuna mini. “Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Ba sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi a jikinsa, ƙashin ya cinye. Abin da ya lanƙwashe ba zai miƙe ba.”

Allura, magani a sirinji ɗigo-ɗigo, fitila ta musamman mai tsada da ke maye masa hasken rana, ga wuta ba ta zama. Nabila kuma tana ramewa a gabana. Har ƙarin ruwa aka yi mata a asibiti.

Mahaifiyata ta ce a waya, “Ki sayo wani mana, ai duk kadangare ne.” Mun gwada. Nabila ko kallonsa ba ta yi ba.

Wata safiya, a rana, Gemu ya miƙa harshe ya ɗauki gyare ɗaya. Nabila ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki burodi.

Ya rayu, amma jan ƙafafun baya yake yi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da baban Nabila da bai gaji ba.

Masu irinsa: latas ba abinci ba ne, kada ku yawaita alayyafo. Ku ba shi kabewa da ganye iri-iri, da gyare da aka barbaɗa wa garin kalsiyam. Ku fitar da shi rana. In kun ga ƙafa na rawa, ku tafi asibiti a ranar.

Na tambayi likita shekara nawa suka rage masa. Ta dubi Nabila, ta ce mu dai ci gaba da maganin.

Ku sa mu a addu'a.