Yadda Muka Kai Haƙorin Makkan Inna Birni

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanena mai tuƙi, sai Inna a kujerar baya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Masu bibiyata da kuka yi ta tambayar ina na shige kwanakin baya, to ga amsarku: Kano na kai mahaifiyata a yi mata dashen haƙora, na sama gaba ɗaya. Baba ya rako mu har ƙofar gida yana dogara sanda, ya tsaya yana ɗaga hannu wajen da yake zaton motar take, alhali mun riga mun ɗan gota. Idonsa ya daɗe da dushewa, likitoci sun yi iya yinsu sun bar wa Allah sauran.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Haƙoran Inna na sama sun zube, 'yan kaɗan da suka rage kuma girgiɗa suke yi, dasashi kullum a kumbure. Ta bar nama, ta bar tuwo mai ƙarfi, ta rame har zani yana neman zagaye ta sau biyu. Dariya ma ta daina, matar da a da ake jiyo ƙyaƙyatawarta daga zaure. A cikin waɗanda suka rage ɗin akwai haƙorin Makka, na zinare, wanda aka sa mata shekarar da suka sauke farali ita da Baba. Tun daga gida ta kafa sharaɗi: a cire komai, amma ban da shi. Ni kuwa raina ya ɓaci, don a ganina mutum ba zai zauna da yunwa ba saboda kawai a riƙa gane cewa shi Hajiya ne. Ban dai faɗa mata ba. Ni ce 'yar fari, kuma Inna Bafulatana ce ta gaske, ba ta taɓa kama sunana ba. Da 'ya'yana da komai, har yau "yarinyar nan" nake.

Ƙarshen damina ne, hanya ta yi kyau kamar a mafarki. Gero ya fid da kai, hazon safiya ya kwanta a kan gonaki, shanu suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya ba ka jin motsinsu. Inna ta manna goshi a gilashi tana bin su da ido, na san ƙuruciyarta take kallo. A gadar Wudil kogi ya cika ya batse, masu soyayyen kifi suka yanyame motar. Da na ji kuɗin da suka ambata sai da na tambayi mai tallar ko daga teku aka yi wa kifin jirgi. Muka saya duk da haka, ni da ƙanena muka ci a sace muna kawar da kai, kamar masu laifi. Da muka iso Mariri kuwa, inda ake sauke huhunan goro, Inna ta ja dogon numfashi ta lumshe ido. Goro ne abokin hirarta tun kafin a haife ni, yanzu sai dai ta gurza shi ta tsotsa.

Mun shiga birni ta Ƙofar Nassarawa, gada ta bi ta sama, 'yan adaidaita sahu suna saƙa a ƙasa kowa da nasa ra'ayin game da hannun hanya. Masaukinmu a Yakasai ne, gidan Goggo, ƙanwar Baba. Mota ba ta shiga lungun, sai muka ajiye ta a bakin titi muka taka. Lungun Yakasai ba ya miƙewa, kana cewa ya ƙare sai ya karya ya sake buɗewa, ga mai ɗinkin hula a dakali, ga ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga wani zaure, ga injin markaɗe yana ta kuka. Goggo tana hango mu ta fara tsokanar matar yayanta: "Amarya, an zo birni sayen haƙora? Allah ya sa ki rage mana na kasuwa." Inna ta yi murmushi a bayan mayafi.

Washegari muka je asibitin haƙoran, can wajen ganuwa. Wanda yake zaton daga zuwa za a kwantar da shi a fara aiki, ya sake shiri. An auna jini, an duba suga, an yi tambayoyi kan magungunan da take sha, sannan aka sa kanta a wata na'ura mai zagayawa aka ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙi. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta nuna mana hoton ta yi bayani dalla-dalla. Za a cire ragowar haƙoran, a dasa wasu 'yan ƙusoshin ƙarfe na musamman a cikin ƙashi, kamar huɗu zuwa shida gwargwadon ƙarfin ƙashin mutum, a ɗaura jerin haƙoran wucin gadi a kansu. Sai bayan wasu watanni, in ƙashi ya kama ƙusoshin ya riƙe, za a sa na dindindin.

"Ban da na Makka," in ji Inna.

"Hajiya, shi ne ma ya fi ciwo," likitar ta ce. "Zinaren lafiyarsa ƙalau, amma haƙorin da ke cikinsa ya mutu, yana ɓata ƙashin da za mu yi dashen a kai. In muka bar shi, aikin ba zai zauna ba."

Inna ta miƙe ta gyara mayafi ta ce mu tafi gida. Wallahi sai da na ji hawaye ya taho mini don takaici. Likitar ba ta yi gardama ba, ta dai ce, "Ba za mu yar da shi ba. Da hannuna zan wanke shi in damƙa miki." Inna ta daɗe a tsaye tana kallon ƙasa. Can ta koma ta zauna, aka tsayar da ranar aiki.

Ranar aikin Inna ba ta karya kumallo ba, haka aka umarta saboda allurar da ke sa mutum gyangyaɗi. Aka shiga da ita da hantsi. Ni da ƙanena muka zauna a benci muna jan carbi, shi yana fita yana dawowa har mai gadi ya gaji da buɗe masa ƙofa. Aikin ya ɗauki lokaci, sai bayan azahar aka kira ni. Na same ta a kishingiɗe, auduga a gefen baki, leɓe ya yi nauyi, ga wasu fararen haƙora jere reras a bakin da na saba gani wayam. A tafin hannunta akwai ɗan ƙullin bandeji, ta damƙe shi gam.

Maganin bai sake ta ba, idonta rabi a buɗe. Sai na ji ta kira sunana. Sunana na yanka, tiryan-tiryan. Na waiga in ga ko wata ce ta shigo, babu kowa sai mu biyu da labule yana kaɗawa. Ta ce, da murya mai nauyi kamar daga cikin ruwa, "Malam ba ya ganin fuskata. In na zauna a rana na buɗe baki, wannan ne kaɗai yake ƙyalla masa, sai ya san inda nake. Yanzu da me zai gane ni?" Daga nan ta koma barci. Na zauna riƙe da hannunta ina kuka a hankali, kukan daɗi da na tausayi a haɗe, don ashe duk abin nan ba zancen a kira ta Hajiya ba ne.

Kwanakin jinya a Yakasai muka yi su. Kumburi bai tashi nuna kansa sosai ba sai bayan kwana biyu, kumatu suka cika, gefen ido ya ɗan yi duhu, Goggo ta ce ga shi nan tun ba a fara cin abinci ba Amarya ta yi ƙiba. An riga an gaya mana haka za a yi, don haka hankalinmu bai tashi ba. Muna naɗe ƙanƙara a tsumma muna ɗora mata, tana kwana da matasai a ƙarƙashin kai, yawu yana fitowa da ɗan jini-jini da farko sannan ya washe. Magani a kan lokaci, kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi a hankali, ban da furzarwa da ƙarfi. Zafin, in ji Inna, bai kai na ciwon da ta zo da shi ba.

Abinci kuwa sai mai laushi, kuma ba mai zafi ba. Kunun gyaɗa da ya huce, romo tatacce, gwanda, ayaba, dankali da aka dama. Goggo ta tura ni Koki wajen wata mai nono da ta yarda da kindirmonta, na ɓata a lungu har sai da wata tsohuwa ta kamo hannuna ta kai ni ƙofar gidan tana mini faɗan rashin sanin gari. A hanyar dawowa na tsaya na ci gurasa bandashe, ta sha ƙuli da mai, na goge baki tas kafin in shiga gida. Goro an hana shi sam, kuma nan ne aka yi yaƙi. Goggo takan shige bayan ɗaki ta ci nata, ta fito baki jawur tana rantsuwar ba ta ci komai ba.

Abin da ba wanda ya shirya masa shi ne magana. Harshe bai saba da baƙin haƙoran ba, in Inna ta yi sallama sai iska ta riƙa fita da ɗan fito. Likitar ta ce da yawan magana zai daidaita. Da la'asar nakan hau saman soro da ita mu zauna, tattabaru suna kewaya unguwa, rana tana jan jiki a kan rufin kwano har birnin ya koma ruwan zuma. In magariba ta yi, kiran salla yakan taso daga masallatai ta kowace kusurwa, wani yana kamawa kafin wani ya saki. Inna takan kwance haɓar zaninta ta fito da haƙorin zinaren, ta juya shi a hasken da ya rage, ta mai da ta ɗaure. Ba ta tuna abin da ta faɗa mini a asibiti ba, ni ma ban tuna mata ba.

Da muka koma a duba ɗinki, na ja likitar gefe na tambaye ta ko za a iya mai da zinaren a jikin haƙoran dindindin. Ta ce mu zo da shi, masu haɗa haƙoran za su duba, sau da yawa yana yiwuwa. Na gaya wa Inna ina murna. Ta ce, "To, watannin da ke tsakani fa?"

A hanyar komawa gida an fara yankan gero. Ina kallon dammuna a gonaki ina lissafa abin da tafiyar ta koya mini. Wanda zai kai nasa irin wannan aiki, ya tafi da haƙuri fiye da kaya, ya tanadi masauki kusa da mai dama kunu, kada kumburi ya firgita shi, kada kuma ya ɗauka ranar aiki ce ƙarshen tafiya, don akwai komawa. Sannan in tsoho ya kafe a kan abu, a bincika dalili kafin a yi fushi. Ni ban bincika ba, allura ce ta bincika mini.

Mun isa da yamma, rana ta karkata ta cika tsakar gida. Baba yana zaune a tabarma a gindin darbejiya. Inna ta shiga gaba, mayafi a baki, ta yi sallama, fiton nan ya fita tare da ita. Baba ya karkata kai ya ce, "Wace baƙuwa muka yi mai sallama kamar ana hura wuta?"

Inna ta so ta daure, abin ya fi ƙarfinta. Ta tuntsire da dariya, irin ta da, har mayafin ya zame ya faɗi a kafaɗa. Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda take, bai kuskure ko kaɗan ba. Ya ce, "Yauwa, ga ki nan."

Ta durƙusa kusa da shi, ta kwance haɓar zani ta sa masa haƙorin a tafin hannu, ta ce a hankali, "An cire shi, Malam." Ya murza shi da yatsa. Sannan ya ce, "Ai tun bara idona ya daina kama shi. Dariyar nake bi, ita ce kuma kika ɗauke mini."

Ina tsaye da jaka a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Inna ta ɗago ta gan ni, nan take ta ja mayafinta ta haɗe fuska. "Ke yarinyar nan, tsayuwar me kike yi? Je ki ɗora mana kunu." Na wuce madafa ina share ido, ina jiyo su a bayana, shi yana tsokana, ita tana dariya.